Agogon Abba Yana Ɗingishi

Kafin kowa ya fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku faɗa: eh, na yi ƙarya. Na kalli tsabar idon mahaifina na ce masa saurayina injiniya ne. Ku zage ni in kun ga dama, amma ku bari in gama tukuna, don ba ku san Abba ba.

Ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kemis, kuma a wurin Umma waɗannan ba shekaru ba ne, lalura ce. Duk namijin da ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, ko mai karanta mitar wuta ne, sai ta ɗaga labule ta duba ko ya yi kama da mai neman aure. Yayata kuwa, wadda muke kira Yaya Babba, tun da ta yi aure ta mayar da kanta ofishin haɗa mutane. Wata uku tana turo min hoton wani abokin mijinta, likitan haƙori. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma sau ɗaya muka zauna da shi, ina cikin dariya ya ce in ɗan ƙara buɗe bakin, kamar yana hango rami a na can baya. Na rufe bakina, na rufe maganar.

Nawa mutumin kuwa, Mai Sanduna na sa masa a waya.

A kemis muka haɗu. Duk Litinin sai ya zo sayen filasta da auduga, kuma kafin in miƙo masa ya riga ya fara ƙwanƙwasa gilashin kanta da yatsu. Ranar da na gaji na ce, "Malam, gilashin nan fa ba naka ba ne."

Ya janye hannu da sauri. "Yi haƙuri. Firinjinku ne ya fara."

"Firinji ya fara me?"

"Saurara ki ji. Yana yin uku, ya huta, ya yi biyu. Ni amsa masa kawai nake."

Na dube shi sama da ƙasa. A raina na ce wannan ba filasta yake buƙata ba, maganinsa yana can cikin kabad ɗin da muke kullewa. Wa zai ce min bayan wata takwas ni da kaina zan tsaya gaban firinjin nan ina murmushi kamar wata sakara?

Makaɗin ganguna ne, da sanduna biyu yake kaɗa su, shi ya sa na sa masa sunan. Irin jerin gangunan nan da mutum zai zauna a tsakiyarsu, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda kamar mai tuƙa tsohuwar mota. Kiɗan zamani yake yi, wanda suke kira fank da sol, irin wanda in ya tashi sai ka ga kafaɗarka tana motsi ba da izininka ba. Yana da shekara tara ya fara da bokitan mahaifiyarsa, ya fasa uku, ya sha duka uku. Yana da sha shida makaɗin wata ƙungiya da ke wasa a otal ya yi fushi ya tafi ana saura awa guda a fara, aka ɗora shi a kujerar, sai da aka sa masa matashi don ya kai. Daga nan ya yi shekara goma sha huɗu yana bin mawaƙa gari gari a cikin bas, ganguna a kan cinya. Ya kaɗa a faifai sun fi sittin, amma ba wanda ya san fuskarsa, don makaɗi kullum a baya yake. Ya taɓa nuna min hotunansa na waɗannan shekarun yana ta alfahari. Wallahi a kowanne mawaƙi ne a gaba yana sheƙi, shi kuma sai gwiwar hannu, ko rabin goshi.

Yanzu ya buɗe situdiyo nasa, ya zama furodusa, wato mai haɗa wa mawaƙa faifai. Na je sau ɗaya. Ɗaki ne ba taga, an manne bango da soso mai tudu-tudu kamar kwalin ƙwai, wayoyi a ƙasa ko'ina. Yana zaune bayan gilashi, wata mawaƙiya tana ciki tana rera waƙa har jijiyar wuyanta ta tashi. Ta gama, ni har na fara tafi. Shi kuwa ya danna maɓalli ya ce cikin taushin murya, "Ya yi kyau sosai. A sake."

Sau goma sha uku, jama'a. Ya yi kyau sosai, a sake. Ban san yadda baiwar Allahn nan ba ta cire takalmi ta jefe shi ba.

Kuma wannan ciwon har cikin soyayya ya biyo shi. Ranar da zai ce yana sona, ina zaune a bakin gado ina shafa mai, wayata ta fara ƙara. Na duba: an goge wannan saƙon. Wani ya shigo: an goge wannan saƙon. Har tara. Na goma ne ya tsaya, saƙon murya. Na kunna, na ji ya ja numfashi, sai a hankali, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu... ina sonki."

Na rubuta masa, "Sauran taran fa?"

Ya ce, "Na bakwai ya kusa, amma na shigo da wuri."

To ku faɗa min, wace ce za ta ji haka ta koma wa mai leƙa mata haƙori?

Matsalar ɗaya ce, ita ce Abba. Abba mai gyaran agogo ne, shekara talatin da huɗu yana yi. Kuma shekara ashirin daga ciki, shagon da ke manne da nasa na masu ba da hayar lasifika ne, inda makaɗa ke taruwa suna gwaji tun safe. Mutum yana riƙe da ƙusa da ba ta kai ƙwayar gishiri ba, bango yana rawa. Tun muna yara muka haddace maganarsa: "Duk wanda ya mayar da hayaniya sana'a, ba zai zauna min a kujera ba."

Shekara uku da suka wuce ya rufe shagon. Ya ce ya gaji. Duk mun san ba gajiya ba ce, kunnensa ne ya yi nauyi, kuma mai gyaran agogo da kunne yake rabin aikinsa. Amma ba wanda ya isa ya furta. Sai gidan gaba ɗaya muka ɗaga murya muka yi kamar haka Allah ya halicce mu. Umma da a da sai ka matso kafin ka ji ta, yanzu in tana tambayarsa ko zai sha shayi kamar tana kiran wani a tsallaken titi. In ya ce "Me?" sai mu ce, "Talabijin ce ta cika ƙara, Abba," ko da a kashe take.

Ranar da na je masa da maganar, yana zaune a falo yana goge tabarau. Ya ce, "Mece ce sana'arsa?"

Na ce, "INJINIYAN..." da ƙarfi, sannan na sauke murya can ƙasa na ce, "sauti."

Allah ya yafe min. Na san abin da na yi.

Abba ya gyaɗa kai. "Ya zo Asabar ta sama, ƙarfe huɗu. Huɗu na ce, ba huɗu da wani abu ba."

Umma da ta ji, sai da ta zauna a kan buhun shinkafa don daɗi. Injiniya! Nan take ta yanke hukuncin cewa falonmu bai dace da injiniya ba. Da ma Abba zai je duba ƙaninsa ya kwana biyu, yana fita ta kira mai fenti.

To a bangon falon nan akwai agogon Abba. Babba ne, mai jikin katako, da lilo yana kai da kawowa a cikin gilashi. Na mahaifinsa ne. Duk Lahadi da safe shi yake murɗa shi da makullin da ba ya barin aljihunsa. Dokar gidanmu ta farko ita ce ba a taɓa shi. Ko ƙura ce ta hau, sai dai ki kalle ta ki yi mata fatan alheri.

Mai fenti ya ce ba zai iya aiki agogo yana rataye ba. Muka tsaya mu uku, ni da Umma da Yaya Babba, muna kallon juna.

Yaya Babba ta ce, "Haba, agogo ne fa, ba bam ba."

Muka sauke shi muna riƙe numfashi, muka kwantar a kan gadon Umma, har da lulluɓa masa zani. A bangon, daidai inda gindinsa yake tsayawa, akwai wani ɗan layi da aka ja da fensir. Yaya Babba ta ce datti ne. Mai fenti ya bi ta kai da ruwan madara. Washegari muka mayar da agogon, muka saita shi da waya, muka tura lilon ya ci gaba da tafiya. Yaya Babba ta ja baya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kun gani? Da ma can a ɗan karkace yake. Yanzu ne ya miƙe. Sai ya gode mana."

Abba ya dawo, ya shaƙi warin fenti, idonsa ya tafi kai tsaye. "Kun taɓa agogo?"

Umma ta dafe ƙirji. "WA? MU? ZAGAYE SHI MAI FENTIN YA YI!"

Ya daɗe yana kallonsa, ya duba na hannunsa, ya ga lokaci daidai. Ya wuce ɗaki. Kun ga ashe ba ni kaɗai ce maƙaryaciya a gidan ba, gado na yi.

Ranar Juma'a da yamma na zauna na tsara wa Mai Sanduna dokoki a waya.

"Ba ƙwanƙwasa tebur. Ba ƙirga huɗu kafin ka yi magana. Ba kaɗa ƙafa. Kalmar ganga kada ta fito daga bakinka. Kuma ka ɗaga murya, kada ka tambaye ni dalili."

Ya rubuto, "Ni fa ba zan yi masa ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Shiru na ce ka yi."

"In ya tambaye ni aikina?"

"Ka ce kana aiki da wayoyi da na'urori. Ba ka aiki da su?"

"Ina yi."

"To shi ke nan."

An goge wannan saƙon. An goge wannan saƙon. Sannan: "Hannuwana fa? Ba sa jin maganata."

"Ka zauna a kansu."

Da wasa na faɗa. Ku riƙe wannan.

Asabar tun azahar nake canza kaya. Na sa doguwar riga ruwan zuma, Yaya Babba ta ce na yi kama da labulen falo. Na sa shuɗiya mai ƙananan furanni, Umma ta ce hannun ya matse. Na koma ruwan zumar don haushi, na yafa farin mayafi, na sa 'yan kunnen Umma masu kamar ɗigon ruwa. Turare kuwa sai da Yaya Babba ta ƙwace kwalbar. Falo yana ta ƙyalli, an fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba tun da aka haife ni.

Agogo ya fara buga huɗu. A kan bugu na farko aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau huɗu, kowanne ya faɗa daidai kan na agogon. Abba bai ji ba, amma ya ga duk mun zabura. Ya duba hannunsa, ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai. Na ce a raina alhamdulillahi, mun ci ɗaya.

Mai Sanduna ya shigo cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana iya yanka mutum, takalmi baƙi yana sheƙi, filasta a yatsu biyu, da kwandon lemo da ayaba. Ya gaida Abba da ladabi, da murya sama kamar yadda na ce. Abba ya nuna masa kujera. Ya zauna.

Sai ya ɗaga cinya ɗaya ya tura hannu, ya ɗaga ɗayar ya tura ɗayan.

Na rufe ido. Mutum mai shekara talatin da shida, jama'a, yana zaune a kan hannuwansa kamar ɗan aji ɗaya da aka yi wa faɗa.

Abba ya ce in zauna, na rakuɓe a gefen kujera. Yaya Babba tana bayan labulen ƙofar ciki, ƙafafunta duk a waje. Umma ta kawo shayi da biskit ta ajiye a gabansa.

"BISMILLAH, INJINIYA!"

Ya kalli kofin, ya kalle ni. "NA GODE, UMMA. BARI YA HUCE."

Abba ya fara tambayoyi. Iyayensa, 'yan uwansa, inda yake zaune. Yana amsawa tiryan-tiryan. Aka zo kan aiki, ya ce yana aiki da wayoyi da na'urori, kuma yawanci a ɗaki ɗaya yake wuni. Abba ya ce madalla, sana'ar zama ita ce sana'a. Har na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

Sai na lura da fuskarsa.

Gumi ne yake tsattsafo masa a goshi, alhali fanka tana kansa. Idonsa na hagu yana ɗan ƙiftawa shi kaɗai. Kansa yana karkata a hankali zuwa bango, ya dawo da shi, ya sake karkata. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga za ta sauka, ya sa ta hagu ya take ta. Na san wannan fuskar. Ita ce fuskar da yake yi a bayan gilashi in mai jita ya kauce.

Umma ta ce, "LAFIYA KUWA? KO CIKI NE?"

"LAFIYA LAU, UMMA."

Ya kalle ni da idon roƙo, ya ɗan nuna agogo da haɓa. Ban fahimci komai ba, amma na zare masa ido na girgiza kai. Ko me ne ne, a'a.

Abba kuwa ya ga baƙo yana ta satar kallon agogo, sai daɗi ya kama shi. Ya gyara zama.

"Na ga idonka yana kansa. Ka san abu mai kyau. Na mahaifina ne. Shekara arba'in yana hannuna, ba wanda ya taɓa shi sai ni." Umma ta sunkuya tana gyara cokali. "Ku injiniyoyin yanzu ba ku san irin wannan aikin ba. Saurari bugunsa. Ko zuciyar lafiyayyen mutum ba ta kai shi daidaito ba. Saurara da kyau, ka faɗa min. Ya ka ji?"

Mai Sanduna ya kalli agogon, ya kalle ni.

"YANA DA KYAU SOSAI, ABBA."

Na saki numfashi.

"Sai dai ɗingishi yake."

Cokali ya faɗi daga hannun Umma. Daga bayan labule aka ce, "Mun shiga uku."

Abba ya karkato. "Me ka ce?"

Nan ne wurin da duk ɗan gidanmu ya san aikinsa. Na yi tsalle na ce, "CEWA YA YI YANA DA KYAU, ABBA!"

Mai Sanduna bai ko kalle ni ba. Ya ɗaga murya fiye da tawa, amma cikin ladabi. "NA CE ƊINGISHI YAKE, ABBA. BUGU ƊAYA YA FI ƊAYA TSAWO. TUN DA NA SHIGO NAKE JI. KA YI HAƘURI."

Na ce shi ke nan. Na fara hango kaina a kujerar likitan haƙori, baki buɗe har abada.

Abba ya miƙe a hankali. Ya taka zuwa bango, ya kara kunnensa na dama a jikin katakon, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Ina kallon bayansa, da yadda rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, kuma duk wanda ke falon ya san ba abin da yake ji. Dariyar da ke cikina ta mutu. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika, na ji kunyar kaina kamar in nutse.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Abba, fuskarsa tana bango. Amma muryar ba irin tasa ba ce.

Sai Mai Sanduna ya zaro hannuwansa. Sun mutu don zama, sai da ya yarfa su. Ya je ya tsaya ta damar Abba, kusa sosai, ya yi magana ba tare da ihu ba.

"Abba, ni ma kunnena na hagu rabi ya rage. In wuri ya cika da ƙara, ba da kunne nake bin lokaci ba, da jiki nake bi. Ka ba ni izini in taɓa kafaɗarka."

Abba bai hana shi ba. Sai Mai Sanduna ya ɗora yatsu biyu, masu filastar nan, a kan kafaɗar mahaifina, ya fara bin agogon. Duk bugun da lilon ya yi, yatsa ya sauka. Dogo, gajere. Dogo, gajere. Sai a lokacin ni ma na ji shi, kamar mai tafiya da takalmi ɗaya. Kwana tara muna zaune da shi a haka, mu uku masu lafiyayyen kunne, ba wadda ta lura.

Abba ya rufe ido. Leɓensa yana motsi. Can ya ce a hankali, "Ɗingishi yake."

Ya sa hannu biyu ya riƙe gindin agogon, ya ɗan tura shi hagu, kaɗan, bai kai faɗin farce ba. Yatsun suna ci gaba a kafaɗarsa. Ya saki ya jira.

"Ya yi kyau sosai, Abba," in ji Mai Sanduna. "A sake."

Jama'a. Ya ce wa Abba a sake! A falonsa, a kan agogon ubansa! Na ji Yaya Babba ta zame ta zauna a ƙasa a bayan labule.

Abba kuwa ko gezau. Ya sake turawa. "Yanzu fa?"

"Saura ƙiris."

Ya sake. Yatsun suka daidaita, ɗaya bayan ɗaya, ba dogo ba gajere. Suka tsaya su biyu ido rufe, kawunansu suna ɗan gyaɗawa tare. Agogon kuma ya koma ɗan karkacensa na da, wanda Yaya Babba ta ce sai an gode mata da ta gyara.

Abba ya zaro guntun fensir daga aljihu, ya sunkuya yana neman tsohon layinsa. Ya shafa bangon da yatsa. Fenti sumul. Ya juyo a hankali ya kalli Umma.

Umma ta miƙe. "KAMAR NA BAR WANI ABU A WUTA."

Ba abin da ta ɗora. Ta wuce ta yi tuntuɓe da Yaya Babba, suka shige ciki tare.

Abba ya ja sabon layi. Sannan ya kamo hannun Mai Sanduna, ya juya tafin sama, ya gyara tabarau yana dubawa kamar an kawo masa gyara. Kanta ce a gindin kowane yatsa, tauri kamar ƙasan ƙafa.

"Wannan ba hannun mai riƙe waya ba ne. Mece ce sana'arka?"

Kafin in tsoma baki, Mai Sanduna ya riga ni.

"Makaɗi ne ni, Abba. Ganguna nake kaɗawa. Ina kuma haɗa wa mawaƙa faifai."

"Ɗaga murya."

"MAKAƊI NE NI! GANGUNA!"

Ina jin har maƙwabta sun shaida. Abba ya saki hannun.

"Irin masu sa bango rawa."

"MU NE, ABBA."

"Shekara nawa?"

"ASHIRIN."

"Kuma ka zo huɗu daidai."

"IN NA MAKARA DA ƘIFTAWAR IDO, MUTUM TAKWAS NE ZA SU WATSE A GABAN JAMA'A. AIKINA KENAN, IN RIƘE MUSU LOKACI."

Abba ya koma kujerarsa ya zauna. Ya daɗe yana kallon kujerar da baƙon ya tashi daga kai, wadda ya rantse makaɗi ba zai zauna a kanta ba. Ni dai ina ta murza bakin mayafi har ya yi laushi.

"Akwai agogo goma sha ɗaya a ɗakin baya," in ji Abba. "Shekara uku ban iya daidaita ko ɗaya ba. Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu. Ka zo da yatsun nan. Gangunan ka bar su inda suke." Ya nuna tebur. "Kuma ka sha shayinka. Hannunka ai yanzu ya fito."

Maganar aure kuwa ko kalma. Mai Sanduna ya sha shayi mai sanyi, ya yi sallama, ya tafi. Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta fara. An goge wannan saƙon. An goge wannan saƙon. Sannan: "Na ɓata komai, ko?"

Miji na samu, ko Abba ne ya samu abokin aiki? Ina riƙe da wayar na ji an kira ni daga falo.

"Auta."

"NA'AM, ABBA!"

"Daina min ihu. Zo nan, ta dama."

Na je na durƙusa a gefen kujerarsa. Rana ta yi sanyi, haskenta yana kan sabon fentin. Agogo yana tafiya a samanmu, daidai.

"Shekara uku kuna daka min tsawa a gidan nan kuna cewa talabijin ce," ya ce. "Kun ɗauka ban sani ba? Na bar ku ne don na ga kuna jin daɗin abinku. Amma ranar nan ina kallon bakinki. Kin ce injiniya da ƙarfi, sai kika ƙara wata kalma a ƙasa, inda kika san ba zan kai ba. Kunnen ne ya tafi, Auta. Idon yana nan."

Hawaye suka zubo min, ban ma tsaya share su ba. "Ka yafe min, Abba. Tsoro na ji kada ka hana ni shi."

"Shi bai ji tsoron ba? Ya shigo gidana yana neman abu a hannuna, ya san gaskiya za ta iya sa ya fita hannu wofi, ya faɗa min ita. Har sau biyu." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Shi na gama shawara a kansa. Ke ce ban sani ba tukuna ko zan iya ba shi. Kada in cuci ɗan mutane."

Na ɗago ina kallonsa, ban gane ko wasa yake ba. Fuskar nan ba alamar dariya.

"To yanzu faɗa min da bakinki," ya ce. "Mece ce sana'ar mutumin da kike so?"

Na ja hanci, na sunkuyar da kai. "Makaɗi ne."

Abba ya mayar da tabaransa, ya jingina da kujera, ya harɗe hannu.

"Ya yi kyau sosai," ya ce. "A sake."